Gangar Awon Basira

Don Eleuterio Zárate mutum ne da bai taɓa yin kuskure ba tunda aka haife shi, kuma shi ya faɗa mini haka da bakinsa. Compadre na ne, shi ya riƙe 'yata ranar baftisma, don haka ba zan kira shi maƙaryaci ba. Zan dai ce in yana magana gara mutum ya riƙe hularsa, saboda iska.

A garinmu San Crispín del Cerro, gidansu ne ke ƙera Dogo tun zamanin kakansa. Dogo shi ne ƙaton mutum-mutumin nan na kara da takarda da ke gaban jerin gwano ranar bikin waliyyinmu, mutum ya shiga ƙarƙashinsa yana rawa yana leƙe ta 'yar taga a cibiya. Wanda ya ƙera shi ake rataya wa furanni a ƙofar coci, mu makaɗa mu busa masa take, gari duka ya yi tafi. Ni ne mai busa tuba, ƙaton ƙahon nan na tagulla, don haka ina ganin compadre a kusa lokacin da ake yi masa, ƙirji a gaba, ido a lumshe. Ba shi da gona mai kyau, ba shi da shanu. Wannan tafin shi ne dukiyarsa, da shi yake rayuwa har shekara ta zagayo.

Matsalar ɗaya ce. Kowace shekara Dogo da fuska guda yake fitowa, kuma fuskar Eleuterio ce. Bana a sa masa gashin baki, baɗi a cire. Akwai shekarar da ya ɗora masa malafa, ya yi wata guda yana ba da labarin yadda tunanin ya zo masa.

Ranar taron gari sai Doña Herminia, bazawarar nan mai yin furannin takarda, ta miƙe ta gyara mayafi.

"Shugaba, ina da magana. Fuskar Eleuterio kullum muna ganinta a kasuwa kyauta. Laifin me muka yi da ranar biki ma sai an ninka mana ita? A ba ni Dogo bana, ku ga abin da ido bai taɓa gani ba."

Mata suka ɗauki guɗa. Compadre ya tashi kamar an zuba masa garwashi a wando.

"Ke Herminia, kin san basira kuwa? Kin ɗauka murɗa takarda ce? Wannan aiki na masu hangen abin da babu ne!"

"To ai kai madubi kake hange."

"Ku ji ta fa! Jama'a, ku bar gardamar baki. Ni na je birni. A motar dawowa na zauna kusa da wani masani mai tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi, shi ya tabbatar mini yanzu basira auna ta ake yi kamar masara. Ni kuma na gano yadda ake yi. A kafa ma'aunina a dandali, kowa ya zo. Wanda ya fi, shi ke da Dogo. In aka fi ni, na rantse da San Crispín ni zan fara tafi."

Don Macedonio, shugaban gari, ya dube shi ta saman hanci. "Ka ji abin da bakinka ya faɗa?"

"Na ji, a buga sanda!"

Aka buga. Mu a nan abin da taro ya yanke aka buga masa sanda, ko shugaban da ya buga bai isa ya kwance ba. Muna da wata gada da aka gina a inda babu kogi, saboda taro ya riga ya yanke kafin kogin ya sauya hanya, kuma har yau muna share ta duk ranar aikin gayya. Na ja compadre gefe na ce, "Ka kuwa taɓa gwada ma'aunin nan?" Ya ce, "Rutilio, wanda ya ƙirƙiro abu shi abin zai ƙi?" Wanda ya ce zai haɗiye gatari sai a riƙe masa ƙota.

Washegari na iske tsakar gidansa ta cika da 'yan kallo. Ya aro rabin gangar katako daga wurin masu dafa barasar mezkal, ya ɗora ta cikin ƙaton bahon wankin matarsa Doña Casilda, ya cika ta da ruwa har baki. Ya ɗaura farin ƙyalle a wuya kamar likita.

"Ku saurara, jahilai," in ji shi. "In mutum yana hango abin da babu, kansa buɗewa yake yi daga ciki. Ido ba ya gani, amma ruwa ba a yi masa wayo. Za ka tsoma kai har wuya, ka hango dabbar da Allah bai halitta ba. Ruwan da ya zuba a baho sai mu auna da ƙoƙo. Ƙoƙo nawa, basira nawa. Compadre, bismilla, kai za ka fara."

"Ni kuma? Ai ni busa nake yi."

"Tsoma!"

Na tsoma. Gangar na ɗoyin tsohon mezkal, ban hango komai ba sai mutuwata. Da na ɗago aka auna, ƙoƙo huɗu. Ya girgiza kai ya ce ba laifi ga mai tuba. Mai gasa burodi ya yi, mai aski ya yi, har Fada, limamin cocinmu, ya leƙo ya ce shi mura yake yi. Kowa ya ɗago sai compadre ya faɗa masa matsayinsa a gaban jama'a, babu ko sayawa. Ya ce wa mai aski basirarsa ta kaza ce, ya gode wa Allah da ya ba shi almakashi.

Ana haka Doña Herminia ta shigo babu gayyata. Mace ce mai kai masha Allah, ga kitso biyu kamar igiyar rijiya, an saƙa su da jan ƙyalle an naɗe a ka. Ta naɗe hannun riga ta dulmiya kai. Ruwa ya yi ta kwarara. Aka auna, ƙoƙo bakwai.

"Me kika hango?" in ji compadre, murya ta ɗan sauka.

"Wake na bari a wuta, shi nake tunani."

"Kitso ne! Ba basira ba ce, kitso ne! Kwance shi a sake."

"Mijina marigayi sai bayan haihuwa ta biyu ya ga gashina a kwance. Kai a su wa? Tsoma naka mu gani, masani."

Compadre ya yi dariyar nan ta wanda ya san abin da ya taka. Ya ce a matsa baya kada ambaliya ta ci yara. Ya tuɓe hula. Ni sai a ranar na lura da kan nasa da kyau, ɗan ƙarami ne, sanƙo sumul, kamar gwaiba a kan tulu. Ya ja numfashi ya nutsa, ya daɗe a ciki har ƙafafunsa suka fara rawa. Ya ɗago yana haki. Casilda ta karkata baho ta juye, ƙoƙo biyu da ɗan abin da ba a rasa ba.

Ba wanda ya yi dariya da farko. Sai mai aski ya ce, "Kazar nan dai ta fi wani," shi ke nan gidan ya kece.

Da mutane suka watse Casilda ta ce masa, "Terio, je ka wurin Macedonio ka ce gangar ta fashe. Ni zan fasa ta yanzu da taɓarya."

"Ke ba ki san kimiyya ba. Yau na gaji ne, basirar ta kwanta. Ita kamar tsoka take, horar da ita ake yi. Kafin Lahadin awo sai an ƙaro baho."

"Bahona dai nake so, wanki ya taru."

Horon farko shi ne rataya. Ya ce tunani duk yana taruwa ne a ƙafa saboda yawan tsayuwa, dole a juya mutum ya gangaro. Ya sa ni na ɗaure masa ƙafafu a reshen mangwaro na ƙofar gida, kai a ƙasa, ya ce in tafi kada in ɗauke masa hankali. Na tafi. Ashe ƙullin da na yi irin na ɗaure bijimi ne, ba ya kwantuwa daga ƙasa. Masu wucewa kasuwa suka riƙa gaishe shi.

"Barka da hutawa, Don Eleuterio. Ya nuna ne ko da saura?"

"Wuce, jahili! Casilda! Casilda, kawo wuƙa!"

"Wainar tortiya na kan wuta," in ji ta daga ciki. "Ka ci gaba da hangowa."

Sai da ta gama tuya tsaf ta fito ta yanke igiyar. Ya faɗo a kan kare. Aka auna shi da yamma, babu ƙari ko ɗigo, sai dai ido ya yi ja.

Horo na biyu, tafiya da baya. Ya ce mai kallon gaba abin da kowa ya gani yake gani. Ranar kasuwa ya fito daga gida da baya da baya, hannu a goye, yana yi wa mutane bayani cewa duniya sabuwa ce fil ta wannan fuskar. Ya wuce rumfar masu tumatir lafiya, ya take wa wani ɗan akuya igiya, ya ture kwandon soyayyar fara, ya ce duk cikin horo ne. Daga nan dugadugansa suka ci karo da murhu, ya zauna daram a kan kaskon wata mai gasa tortiya. Ihun da ya yi har karnukan hayin gada suka amsa. Mai kaskon ta bi shi da muciya tana cewa ya biya ta ƙullunta, shi kuwa gudu yake, wannan karon da gaba, da baƙin zagaye a mazaunin wando. Herminia tana rumfarta ta ɗaga murya.

"Eleuterio, da mazaunin za a tsoma a ganga da ka ci!"

Wani da ya ji haka sai ya haƙura. Compadre kuwa ya kwana a kife, da safe ya aiko a kira ni.

"Rutilio, na gano. Me ke sa abu ya tashi?"

"Tsoro."

"Yis! Me ke sa burodi ya ninka kansa? Je ka wurin mai gasawa ka karɓo mini ƙullu, wanda aka zuba wa sukari da yawa."

Na karɓo, don ni ma a lokacin ina son ganin ƙarshen abin. Ya lafta ƙullun a kansa tun daga gira har ƙeya, ya ɗaure da ganyen ayaba, ya tsuguna a rana tunda zama ya gagara. Ƙullu kam ya tashi. Ya tashi har ya rufe masa kunne ya fara gangarowa kan ido. Yana cewa, "Ina ji, compadre, ina jin ƙofofi suna buɗewa!" sai ga talotalon Casilda, manya guda uku, sun zagaye shi suna kallo da ido ɗaya. Babban ya kai sara. Sauran suka bi. Compadre ya miƙe a makance ya zagaya tsakar gida, talotalo na binsa, ya yi karo da igiyar shanya, ya faɗa cikin furannin bayan ɗaki. A nan wani ƙudan zuma da ƙamshin sukari ya jawo ya same shi a tsakiyar goshi.

Muka wanke shi. Goshin ya yi tudu kamar ƙwan agwagwa. Ya ce a kai shi ganga. Na ce ya bari ya huta, ya ƙi. Aka auna, sai ga ƙari, ɗan kaɗan amma kowa ya gani.

Ya tsaya yana kallon ƙoƙon, yana shafa ƙullutun a hankali.

"Harbi guda ɗaya ke nan," in ji shi.

"Terio," in ji Casilda, "na san wannan kallon. In ka kusanci amyata, gidan yayata zan koma."

"Wa ya yi maganar amya? Ni tunani nake yi."

Ranar Lahadi bayan an fito coci gari duka ya hallara a dandali. Aka kafa ganga a gaban ofishin shugaba, mu makaɗa muka zauna a inuwa. Tsoho Fulgencio mai sayar da ruwa shi aka ɗora wa cika ta, yana ta jigila daga famfo da jakinsa Serafín, wani farin jaki mai haƙuri da bai taɓa shiga harkar kowa ba. Mutane suka yi ta tsomawa don nishaɗi, muna busa wa kowa ɗan take. Herminia ta zo da sabon ƙyalle a kitso, ta sake zubar da bakwai ɗinta, ta koma ta zauna tana matse gashi.

"Ina mai ma'auni?" in ji Don Macedonio.

Sai ga Casilda ta ɓullo daga lungu, fuska a murtuke, tana jan wani abu da sanda. An lulluɓe abin da mayafinta har kafaɗa, yana tafe yana tangaɗi. Ta kawo shi gaban ganga ta saki sandar.

"Ga shi nan. Ni dai na faɗa, ba a ji ba."

Ta fizge mayafin. Wata tsohuwa ta yi alamar gicciye, yara suka ruga bayan iyayensu. Kabewa ce a kan wuyan compadre. Ido ya shige, sai 'yan tsaga biyu, kunnuwa sun yi kauri kamar tafin hannu, leɓe ya zazzago. Ashe da sassafe ya shafe sanƙonsa da ruwan rake, ya je ya cusa kai cikin amya, ya ce musu su yi aikinsu. Gaskiya tausayinsa ya kama ni har na ji ƙwalla, amma mai kiɗan ganga na kusa da ni ya fara shessheƙar dariya, ni ma na kasa riƙewa.

"Wane ne wannan?" in ji shugaba.

"Mi me," in ji kabewar. Leɓen ba ya haɗuwa, amma da ya ci gaba kunnenmu ya saba.

Da ƙyar kan ya shiga bakin ganga. Ruwa ya yi ambaliya. Aka auna a gaban kowa, ƙoƙo takwas cif. Compadre ya ɗaga hannu biyu sama yana juyawa, yana gaida jama'a ta inda babu kowa, don ba ya gani.

Herminia ta taso. "Shugaba, wannan ai cuta ce! Wannan basirar ƙudan zuma ce, ba tasa ba. A ba su Dogo in haka ne."

"Hassada!" in ji compadre. "Da kitsonki ya ci, na yi magana kin ji? Ganga ba ta tambayar kai inda ya samo girmansa. Kai da ruwa, shi ke nan! Duk wani kai da ke garin nan, kowane iri ne, ya zo ya tsoma. Wanda ya fi zubar da ruwa shi ke da Dogo. Shugaba, a buga sanda a kan haka, kada gobe wata ta kawo mana ƙorafi."

Don Macedonio ya dubi jama'a. "Kun ji. Kowane kai na garin nan. Za a bar ganga a cike har a kaɗa ƙararrawar tsakar rana, ko akwai mai ja. Taro ya amince?"

Aka ce an amince, saboda kowa ya san babu mai kan da zai ja da wannan kabewa. Sanda ta sauka. Fulgencio ya juye baho, ya jawo Serafín kusa ya cika ganga har baki. Compadre ya jingina da ita yana gaya wa mai aski cewa tun yana yaro ake cewa kansa zai kai shi nesa.

Ni na fara jin ƙugin, na ɗauka tubata ce ke amsa kuwwa. Na ɗaga ido sai na ga wani baƙin girgije ya taso ta kan rufin coci. Mutanen amya ne suka biyo sawun ruwan rake, kuma ba da fara'a suka zo ba.

Dandali ya hautsine. Fada ya tattare riga ya shige coci ya rufo ƙofa, ya bar mu tumakinsa a waje. Mata suka lulluɓe da mayafi, shugaba ya shige ƙarƙashin tebur da sandarsa, ni kuwa na kifa bakin tuba a kaina na tsuguna. Ta ƙasa nake leƙe. Compadre yana tsaye yana tambaya, "Tafi ake yi? Ni ake wa tafi?" Ƙudan suka zagaye shi, suka ga babu sauran wurin harbi, sai suka juya kan wanda ke kusa. Suka cika kunnuwan Serafín. Bawan Allah ya yi kuka, ya yi harbi, ya juya hagu ya juya dama, da ya ga ba mafita sai ya dulmiya kai cikin ganga har kafaɗa. Baho ya cika ya tumbatsa, ruwa ya bi dandali ya jiƙa wa shugaba gwiwa a ƙarƙashin tebur. Kan jakin na ciki aka kaɗa ƙararrawa.

Sai da aka kunna hayaƙi ƙudan suka watse. Jama'a suka dawo ɗaya bayan ɗaya, kowa da ƙullutunsa. Don Macedonio ya fito ya tsaya a kan baho ya daɗe yana kallo.

"Wannan ba sai an sa ƙoƙo ba," in ji shi.

"Me ya faru?" in ji compadre. "Wa ya tsoma?"

"Serafín."

"Wane Serafín? Ɗan gidan wa?"

Jakin ya girgiza kunnuwa ya fesa masa ruwa a fuska.

"Jaki? Shugaba, jaki ne fa!"

"Yana da kai?"

"Yana da shi, amma..."

"Fulgencio, ɗan garin nan ne?"

"A bayan coci aka haife shi, ranka ya daɗe. Kuma bai taɓa fashin aikin gayya ba, abin da ba zan iya rantsewa a kan wasu ba."

"To me ya hango?" in ji compadre. "Ya faɗa mana abin da ya hango!"

"Ganga ba ta tambaya," in ji Herminia. "Yanzu wani masani ya gama faɗa mana."

"A kwance! Shugaba, don girman San Crispín a kwance!"

Don Macedonio ya ɗaga sandar ya nuna masa, ko da yake ba gani zai yi ba. "Eleuterio, ni ma da zan iya da na kwance, don ni za a yi wa dariya a garuruwan maƙwabta. Amma kai ka ce a buga. Dogon bana na Serafín ne." Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, sai dai wannan karon har da mu aka jiƙe.

Saura magana ɗaya, jaki ba shi da hannu. A al'adarmu wanda gari ya ɗora wa aiki ya kasa, wani ne ke tsaya masa ya yi da sunansa, kuma yabo na mai sunan ne. Shugaba ya tambayi Herminia ko za ta tsaya wa Serafín.

"Ni? Na yi aure sau ɗaya, na gama yi wa jaki aiki."

Aka rasa mai ɗaga hannu. Idan ba a samu ba, bana babu Dogo, abin da bai taɓa faruwa ba tun zamanin kakan compadre. Can sai na ga hannu ya tashi a hankali daga gefen kabewar.

"Ba za a yi biki babu Dogo ba ina raye," in ji shi. "Kuma na rantse ni zan fara tafi, ko? To ban manta ba." Ya tafa sau biyu, shi kaɗai, yana fuskantar bangon ofis.

Da kumburin ya saɓe ya kulle kansa a ɗakin aiki, ko ni bai bari na shiga ba. Ta taga kawai ya ce mini, "Rutilio, sun yi mini dariya. Zan rama a gaban waliyyi, sai garin nan ya ji kunyar fita."

Ranar biki aka buɗe ƙofa, Dogo ya fito. Babu fuskar Eleuterio. Wata halitta ce mai tumbin shugaba da ƙafafun zakara, kanta kuwa babu ido babu hanci, baki ne kawai ko'ina, sun fi a ƙirga, kowanne a wangame yana dariya. Kuma kowane baki da mai shi. Ga na mai aski da giɓinsa, ga na Fada da haƙorin zinariya, ga na Herminia ya fi kowanne faɗi da harshe har ƙirji, ga nawa a kumbure kamar ina busa. Wanda aka ɗauka don shiga ciki ya ce shi ba zai shiga wannan dodo ba, dole compadre ya shiga da kansa.

Ya jira gari ya fusata. Sai wata tsohuwa ta ƙwala ihu, "Ga nawa! Ku duba, ga bakina can a sama!" Shi ke nan aka rufa, kowa na neman nasa, wanda bai samu ba yana fushi an manta da shi. Herminia ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Mutanen ƙauyukan kewaye suka ce ba su taɓa ganin Dogo irin wannan ba, kuma gaskiya suka faɗa.

A ƙofar coci aka tsaya. Fulgencio ya jawo Serafín an wanke shi tas. Shugaba ya rataya masa furanni, muka ɗaga kayan busa, gari ya ɓarke da tafin da ban taɓa jin irinsa ba. Mutane na cewa, "Kai, tunda aka ba jakin nan aikin abu ya gyaru!"

Ina kusa da Dogo. Ta tagar cibiya na ga ido biyu sun yi jajur.

"Ni na yi shi!" in ji cibiyar. "Jama'a, ni ne! Ni na yi!"

Tuba ta fi ƙarfin muryarsa, kuma ni ke busa ta. Allah ya sani ban so ba, amma take take ne, ba a yanke shi a tsakiya.

Herminia ce kaɗai ta ji. Ta sunkuya ta leƙa tagar. "Mun sani, Terio. Rage murya, mai basira na cin furanninsa."

A taron da ya biyo baya compadre ya miƙe ya nemi a sake awo, ya ce ya gano kuskure a ma'aunin. Ba a ma bari ya gama ba. Aka ce wa zai taɓa abin da ke tafiya daidai, aka buga sanda aka bar wa Serafín Dogo har iya rayuwarsa, da mai tsaya masa. Da muka fito compadre ya kama hannuna, ya ja ni gefe ya rage murya.

"Rutilio, kai ka yi kiwo. Jaki shekara nawa yake yi a duniya?"

Na dubi Serafín yana tsaye a inuwa, jiki sumul, ko furfura babu. Na dubi compadre.

Na ce masa ban sani ba.